Mai Gyaran Rediyo da Wasan da Ba a Gama Ba

Ku matso gaba, 'yan'uwa. Ku samarin da kuka maƙale a bencin baya, ina ganin hasken waya a ƙasan haɓarku, kada ku ɗauka tsufa ya cinye mini ido. Ku kife ta a cinya. Yau dai ba za ku ce ba a yi da ku ba, gama misalin da na kawo daga cikin duniyarku ya fito.

Akwai wani mutum mai gyaran rediyo da talabijin, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa. Allah ya ba shi yatsu masu hankali. Wayar da ta kusa gashin kai siranta, shi sai ya kamo ta ya liƙa a inda ta tsinke, rediyon da aka fid da rai da shi ya sake magana. Yana da mata, sunanta Briskila. Yana kuma da ƙanwa, Afiniki, wadda ya riƙe tun tana ƙarama bayan rasuwar mahaifinsu.

Tun Afiniki tana 'yar firamare wani ya kawo masa tsohuwar na'urar wasan bidiyo, ya ce ya jefar, ba ta gyaruwa. Shi kuwa ya gyara ta ya kai gida. In ya taso daga kasuwa sai su zauna shi da ƙanwarsa su yi ta bugawa, bai kuwa taɓa barinta ta ci shi don tausayi ba. Yarinya ta girma, ta yi karatun kwamfuta, ita da abokanta biyu suka kama ɗan ɗaki suka fara gina wasa nasu na kansu. Ba kamfani a bayansu, ba wani mai hannu da shuni, daga kwamfuta sai haƙuri sai garin kwaki.

Masu irin wannan sana'a suna da wata al'ada. Kafin su gama wasa, sukan yanko ɗan kaɗan daga farkonsa su sa a intanet, kowa ya gwada kyauta. Matasa suna ce masa demo. Ni ɗanɗano nake ce masa, don daidai yake da 'yar yankar da mai tsire yake miƙo maka a bakin wuƙa kafin ka saya. Mutumin nan kuwa yana da son ɗanɗanon nan ƙwarai. Duk lokacin da ƙananan masu wasa suka saki nasu, sai ya kira Afiniki su bi su ɗaya bayan ɗaya, bakinsa kuma ba linzami. Yakan ce, "Wannan, mai shi gyangyaɗi yake yi da ya haɗa shi." Wani kuma ya ce, "Wannan a sa masa ido, yaron ya san abin da yake yi." Afiniki ba ta da burin da ya wuce ranar da zai gwada nata.

Ana nan, wata rana yana dawowa gida a kan babur, mota ta kaɗe shi. Ya tashi da ransa, amma hannunsa na dama ya ji ciwo har jijiya. Ƙashi ya haɗe, rauni ya warke, yatsu kuwa suka ƙi jin magana. Likita ya ce masa, "Jijiyar nan ba ta mutu ba. Ka riƙa zuwa ana yi maka gashi, ka kuma riƙa sa yatsun nan aiki ko suna ƙi. In ka bar su suka ƙage, to sun ƙage ke nan, ba mai iya buɗe su."

Ya fara zuwa. Amma ran da aka ajiye masa ƙwayar wake a kan tebur aka ce ya ɗauka, ya yi, ya yi, ta ƙi ɗaukuwa, sai kunya ta rufe shi. Shi da yake kama siririyar waya, yau wake ya gagare shi! Daga ranar bai sake komawa ba. Ya rufe rumfarsa, ya koma gindin mangwaron da ke tsakar gida, ya cusa hannun a aljihun riga.

Briskila kuwa tana ƙaunar mijinta, ƙauna ta gaske. In zai sa maɓallin riga sai ta ce, "Kawo in yi maka." In zai yagi nama, "Kawo in yi maka." Ko tashar rediyo zai murɗa, kafin ya miƙa hannu ta riga shi. Maƙwabta da 'yan ikilisiya su ma haka, duk wanda ya zo gaisuwa sai ya nemi abin da zai karɓe masa. Ban ce sun yi mugunta ba, ko kaɗan. Amma yatsun nan suna ta lanƙwashewa cikin tafin hannu kaɗan kaɗan, kowa yana gani. In Briskila ta roƙe shi su koma asibiti, sai ya ce, "Ki bar ni. Abin da ya tafi ya tafi."

Sai ga Afiniki wata ranar Asabar da hantsi, da kwamfutarta a jaka da pad, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa da hannu biyu a buga wasa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Yaya, ɗanɗanon wasanmu ya fito. Na zo ka gwada."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Da wane hannun?"

Ta ce, "Da waɗanda kake da su. Duk wanda na ba sai ya ce mini, kai, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Kara suke yi mini, Yaya. Kai kaɗai na sani ba ka iya kara a wannan harka ba."

Ya so ya ƙi, amma ya tuna shekarun da yarinyar nan ta yi tana jiran wannan rana. Ya ce ta kawo. Ta ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno a gabansa, sa'an nan ta juya wajen matar yayanta ta ce, "Anti, muna da doka, ke ma ki ji. In an ba mutum wasa ya gwada, mai wasan yakan zauna a bayansa ya yi shiru. Ba a nuna masa hanya, ba a karɓe masa. Gama ranar da wasan zai shiga hannun baƙi, mai shi ba ya nan balle ya yi musu bayani." Ta ja tabarma ta zauna a bayansa.

Ga yadda wasan yake. Wata mata ce ta ɗebo ruwa a rijiya, za ta kai wa masu noma a gona, da tulu a ka. Babban yatsan hagu shi ke tafiyar da ita, na dama shi ke daidaita tulun don kada ya karkace. Za ta ratsa tsakanin gidaje da awaki, ta iso wani rafi mai duwatsun takawa. In tulun ya faɗi ya fashe, sai wasan ya mai da kai can bakin rijiya, ka faro daga farko.

Mutumin ya fito da hannunsa daga aljihu, ya ɗora babban yatsan a kan maɓalli. Da ƙyar ya ratsa gari, ruwa yana ta zuba. Da ya iso rafi, matar ta taka dutse na farko, tulu ya karkace, ya fashe. Aka mai da shi rijiya. Ya sake tahowa, tulu ya sake fashewa a wurin nan. Ya sake. Gumi ya keto masa har wuyan riga, yana aika yatsan dama yana tafiya hagu.

Briskila ta kasa daurewa, ta ce, "Haba Afiniki, ki nuna masa mana!" Afiniki ba ta tanka ba. Briskila ta yunƙura za ta karɓi pad ɗin, Afiniki ta kama bakin zanenta, ta girgiza mata kai.

Da tulu ya ƙara fashewa, mutumin ya waiwaya. Ya ga ƙanwarsa ta zuba masa ido, ko sannu babu. Zuciyarsa ta tafasa. Ya yar da pad a kan tabarma ya ce, "Abin da ya kawo ki ke nan? Ki zauna kina ƙirga faɗuwata? To kin gani, hankalinki ya kwanta. Yayanki ya zama abin kallo."

Ta ce a hankali, "Yaya, ba kai nake gwadawa ba. Wasan nake gwadawa."

Bai saurare ta ba. Ya tashi ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Briskila ta juyo mata da faɗa. "Ke wace irin zuciya ce da ke? Mutumin da ya riƙe ki tun ba ki san kanki ba, kina kallo yana wahala, ko uffan?" Sai Afiniki ta ɗago fuska, ga hawaye shaɓe-shaɓe, leɓenta na ƙasa har ya kumbura don cizo. Ta ce, "Anti, kin san sau nawa na so in fizge abin nan in haye masa rafin? Amma a gidan nan kowa karɓe masa yake yi. In ni ma na karɓe, wa ya rage da zai nuna masa cewa har yanzu akwai abin da yake iyawa?" Ta tattara kayanta ta tafi. Maganar nan kuwa ta zauna wa Briskila a ƙirji.

Bayan 'yan kwanaki Afiniki ta dawo da jakarta. Ta ce, "Yaya, na yi gyara." Ya dube ta a kaikaice ya ce, "In sauƙaƙa shi kika yi saboda ni, mai da kayanki. Ban kai ga cin sadaka ba tukuna." Ta ce, "Rafin yana nan, duwatsun suna nan, ko ɗaya ban matsar ba." To, kun san halin mai gyara. In ka ce masa an gyara abu, ba ya samun sukuni sai ya ga inda aka taɓa. Ya miƙa hannu ya karɓa. Ta koma bayansa ta zauna, Briskila kuma ta zauna a gefe.

Ya ratsa gari, ya iso rafi, tulu ya fashe. Ya rufe ido, don ba ya son ganin rijiyar nan kuma. Da ya buɗe, sai ya ga ba a mai da shi ko'ina ba. Matar tana durƙushe a nan bakin rafi. Ga wata tsohuwa maginiya zaune a gindin bishiya, ta miƙo mata sabon tulu. Matar ta ɗiba a rafin, ta ɗora a ka, ta miƙe tsaye a daidai inda ta faɗi.

Mutumin ya daɗe yana kallon abin nan. Sa'an nan ya gyara zama. Ya taka dutse na farko, ya wuce. Tulu ya fashe a na gaba, tsohuwa ta miƙo wani. Ya matsa gaba kaɗan, tulu ya fashe, ta miƙo wani. Ba ta gajiya, ba ta kuma cewa kome.

Yana tsakiyar rafi sai hannun ya gaji, pad ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Briskila ta zabura, har ta ɗaga daga zaune. Sai ta tsaya. Ta koma ta zauna, ta cusa hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, hawaye yana bin kumatunta. Mutumin ya jira hannun da ya saba zuwa, hannu bai zo ba. Ya dubi matarsa, ta dube shi. Ya sunkuya ya miƙa hagu, sai ya fasa, ya aika dama. Yatsun suka taɓa pad ɗin, suka zame. Suka sake, suka maƙale shi ta gefe, ya jawo shi har cinya.

Ba zan ja ku da nisa ba, ya haye. Matar ta taka tudun ƙetare da tulunta cike, ga gona can gaba, ga masu noma sun hango ta suna ɗaga hannu. Sai allon ya yi duhu, rubutu ya fito: Nan ɗanɗano ya tsaya, sauran yana nan tafe.

Mutumin ya ce, "A'a! Me ya faru? Ai ban kai musu ruwan ba!"

Afiniki ta ce, "Nan muka tsaya da gini, Yaya."

"Kai, wannan ai mugunta ce. Mutane suna jin ƙishi! Ina sauran?"

"Sai bayan damina, in Ubangiji ya yarda."

Ya yi tsaki, ya ce awakin cikin garin nan tafiyarsu kamar masu ciwon gwiwa, a gyara su. Afiniki ta fashe da dariya tana share ido. Sa'an nan ya tambaye ta abin da ya sa ta ajiye tsohuwar a bakin rafi. Ta ce, "Ran nan na ga ba fashewar tulu ce take karya maka zuciya ba. Duk lokacin da aka mai da kai rijiya, sai kafaɗunka su sauka. Mutane da yawa masu lafiyar hannu da suka gwada a intanet, a wurin nan suka ajiye wasan, ban kuwa san dalili ba, don ba na ganinsu. Kai ne na gani."

Can ya ce, "Sauran zai fi wannan wuya?"

Ta ce, "Nesa ba kusa ba. Akwai hawan dutse."

Ya dubi babban yatsansa, ya motsa shi kaɗan. Ya ce, "Briskila, wace rana ce ma ake gashin nan a asibiti?"

To, 'yan'uwa, ga inda misalin nan ya dosa. Mutumin nan kai ne, ni ne, duk wanda ya taɓa faɗuwa a wuri ɗaya har ya gaji da kansa. Ka yi addu'a, ka ji shiru. Ka sake faɗuwa, ka waiwaya, shiru. Sai Shaiɗan ya raɗa maka cewa Allah yana zaune ne a bayanka yana ƙirga maka. Ƙarya yake yi! Wanda ya yi ka ba ɗan kallo ba ne. Shirunsa ba na rashin kula ba ne, idonsa yana kan kafaɗunka, ya kuma san abin da yake karya maka zuciya fiye da yadda kai ka sani.

Kada wani mai wayo ya tare ni a ƙofa ya ce, Malam, ashe Allah ma yana kuskure yana gyarawa? A'a. Afiniki mutum ce, sai da ta gani ta koya. Ubangiji kuwa tun kafin ka taka dutse na farko ya riga ya shirya maka wurin tashi. Wannan shi ne alherin da muke da shi cikin Almasihu. Bai ce zai ɗauke rafin ba, bai ce zai matso da duwatsun ba. Amma wanda ya faɗi ya tuba, ba a ce masa koma can farko ka zama baƙo. A inda ka faɗi, a nan ake miƙo maka sabon tulu. Akwai waɗanda suka daina zuwa sujada saboda suna ganin sun ɓata da yawa, hanyar dawowa ta yi nisa. In kun san irinsu, ku je ku gaya musu ba ta yi nisa ba.

Yanzu bari in taɓa mu, mu su Briskila, gama mun fi yawa a ɗakin nan. Iyaye mata, da ku nake. Dattawa, ku ma kada ku sunkuyar da kai. Muna da ƙauna, amma ƙaunarmu tana da saurin hannu. Yaro ya tashi karanta nassi ya yi tuntuɓe a kalma, kafin ya numfasa mutum biyar sun faɗa masa. Sabon mai bi ya fara addu'a yana in'ina, wani ya karɓe ya ƙarasa da murya mai daɗi. Gwauruwa ta ce za ta share ɗakin sujada, mu ce haba Mama, zauna ki huta. Muna tsammani mun taimaka, ashe yatsu muke lanƙwashe musu. Akwai lokacin ɗaukar wa ɗan'uwa kaya, ban hana ba, wanda ba ya iya tashi a ɗaga shi. Amma akwai lokacin da ƙauna ita ce ka zauna kusa, ka danne hannunka, ko da hawaye yana zuba. Wannan ya fi wancan wuya, ku tambayi duk uwar da ta koya wa ɗa tafiya.

Kun kuma lura mutumin nan bai warke a gindin mangwaro ba. Ban ce muku yatsunsa sun miƙe ba, ban ma san iyakar inda za su kai ba. Abin da ya canza shi ne ya ɗanɗana, ya ji yana son sauran. Duk wani daɗi da muka taɓa ji a wurin Ubangiji, salamar da ta sauko maka a tsakiyar makoki, gafarar da ka samu ba ka cancanta ba, waƙar da ta sa ka kuka ba ka san dalili ba, duk ɗanɗano ne. Ba a gama ba. Ku samarin bencin baya kun fi mu sanin wannan, ba wanda yake gwada farkon wasa mai daɗi ya ce ya ƙoshi.

Saboda haka, in akwai wanda ya shigo yau da hannunsa a aljihu, yana cewa abin da ya tafi ya tafi, ba zan zo in fito maka da shi ba. Ba wanda zai fito maka da shi. Muna nan zaune a bayanka, mu da Ubangiji, ba kuwa inda za mu. Fito da shi da kanka.

Mu yi addu'a.